Babi na Shida: Ƙudan Rawa da Sharuɗɗan Raɗa wa Halitta Suna

Duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Wadata ta Yamai cikin watan Agusta, sa'ad da ruwan sama ya ɗauke da la'asar sakaliya, rana ta yi ja a kan rumfunan kwano, kududdufai kuma suka kwanta tsakanin motocin Doso da na Maraɗi, ba zai rasa ganin dandazon waɗansu ƴan ƙwari ba, tsaye cak a iska bisa ruwan, suna hawa suna sauka, ba su gaba ba su baya, in iska ta kaɗa su watse, in ta lafa su komo daidai inda suke. Mai shayi ya kaɗa musu faifai ya ce sauro ne, ɗan kamasho ya ce ƙwarin damina ne, kowa ya koma ga sha'aninsa. Alhali kuwa wannan dandazo majalisar neman aure ce, galibinta maza, kuma dangogi dabam dabam ne na masu fiffike biyu suke irin wannan rawa, har ma akwai dangi guda wanda masana suka laƙaba wa suna da ita, suka ce da shi ƙudan rawa. A kansa ne wannan babi zai tsaya, don a ga yadda malami yake gane cewa ƙudan da ke gabansa shi ne wanda aka siffanta a littafi bara, ko kuwa wani ne dabam wanda alƙalami bai taɓa ambata ba.

Farkon abin da ɗalibi zai sani shi ne, ba duk mai rawa ne ƙudan rawa ba. Mafi yawan abin da ake gani da magariba a Yamai, musamman wajen gonakin shinkafa na Saga da Kirkisoye da bakin kogin Isa, wani dangi ne mai kama da sauro amma ba ya cizo, wanda tsutsarsa ja take zama cikin laka. Namijinsa yana da gashi buzu-buzu a ƙahonni, in ya sauka kuma yakan ɗaga ƙafafun gaba sama. Bayansa sai namijin sauro na haƙiƙa, shi ma mai buzu-buzun ƙaho, mai dogon baki, mai ɓawo-ɓawo a jijiyoyin fiffike. Ƙudan rawa kuwa, in aka sa shi ƙarƙashin madubin ƙara girma, siffarsa dabam take tun daga kallon farko: kai ɗan ƙarami kewayayye wanda idanu suka cinye kusan dukansa, wuya siriri, ƙirji mai doro, ƙafafu dogaye, ƙahonni gajeru masu tsinke a ƙarshe, da baki mai tauri mai tsini, wanda a jinsin Empis yake miƙe ƙasa. Da wannan baki yake soke ƙananan ƙwari ya tsotse su, gama mafarauci ne, ko da yake da yawa cikinsu suna shan ruwan fure kuma. Ba ya cizon mutum, ba ya cizon dabba. Danginsa da ake kira Empididae an siffanta nau'o'insa fiye da 3,000, ban da ƴan'uwansa na kusa.

Abin da ya sa sunansa ya bazu cikin littattafai al'adar aurensa ce, kuma ta isa a tsaya a kanta. A nau'o'i da yawa mace ba ta farauta ko kaɗan, abincin da za ta gina ƙwai da shi daga hannun namiji yake fitowa. Saboda haka sai namiji ya kamo ɗan ƙwaro, ya rungume shi da ƙafafu, ya shiga dandazon rawa da shi a matsayin toshi, mace ta zaɓe shi, su faɗa kan ganye, tana ci ana barbara. A jinsin Hilara, wanda yake rawarsa dab da fuskar ruwa, gaɓar farko ta tafin ƙafar gaba ta namiji a kumbure take, a cikinta akwai gurbin da ke fitar da zaren siliki, da shi yake naɗe toshin. A shekarar 1877 wani malami mai suna Osten Sacken ya buga labarin abin da ya gani a duwatsun Suwizalan, waɗansu ƴan ƙudaje suna rawa cikin hasken rana kowanne riƙe da wani farin abu mai ƙyalli. Daga baya aka tabbatar cewa ƙunshin siliki ne wanda babu kome a cikinsa. A 1955 Edward Kessel na Amurka ya jera waɗannan al'adu hawa hawa, daga mai ba da nama tsirara, zuwa mai naɗe shi, zuwa mai naɗe busasshen guntu, zuwa mai miƙa ƙunshi fanko, ya ce haka al'adar ta sauya cikin zamunna. Jerin yana da daɗin karatu, amma ƙiyasi ne, kuma bai kamata a ɗauke shi kamar nassi ba. Akwai ma inda lamarin ya juye: a Rhamphomyia longicauda ta Amurka ta Arewa mata ne ke taruwa su yi rawa, suna kumbura cikinsu da iska, suna baza ƙafafu masu gashi don su yi kamar cike suke da ƙwai, maza kuwa su zo da toshi su yi zaɓe.

Waɗannan masu toshi sun fi son sanyi da laima, wato dazuzzukan Turai da tsaunukan gabashi da kudancin Afirka. Ƙasa mai zafi irin tamu rabonta ya fi yawa a ƴan'uwansu da ake kira Hybotidae, waɗanda dā ake lissafa su cikin dangi guda kafin a raba. Su ƙanana ne ƙwarai, da yawansu ba su wuce milimita 2 ba, baƙaƙe masu sheƙi ko rawaya, sun fi gudu a kan ganye da ɓawon itace bisa ga tashi, suna farautar abin da ya fi su ƙanƙanta. Wanda ke neman irinsu a Yamai sai ya bi inda laima take, garkunan kwarin Gunti Yena, da inuwar mangwaro a bakin kogi, da dogonyaron da aka fara dasawa a 1965 don ya yi wa birni ɗamara ta arewa da gabas. Kada kuma a raina yawan abin da ke ɓoye a irin waɗannan wurare, domin Patrick Grootaert na Burusel da Igor Shamshev na Rasha, a littafin da suka fitar a 2012, sun siffanta gomomin sababbin nau'o'in waɗannan masu gudu daga Singafo da kewayenta, tsibirin da galibinsa birni ne.

To, mene ne ma'anar a ce nau'i sabo ne? A nan malaman zaure ba baƙi ba ne, gama duk wanda ya karanta Sullamu na Shehu Abdurrahman al-Akhdari ya san jinsi da nau'i da fasali, ya san kuma cewa ta'arifi ba ya inganta sai ya tattara duk abin da ake nufi, ya kuma hana waninsa shiga. Wannan fanni na manɗiƙi shi ne wanda Shehu Magili, da ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya tsaya ya kare a jayayyarsa da Imamu Suyuɗi. Magabata kuma ba su raina ƙuda ba: Alƙur'ani ya buga misali da shi a Suratul Hajji, Jahizu na Basra ya tsawaita magana a kansa cikin Kitabul Hayawan. Abin da Karl Linne na Suwidin ya ƙara, a bugu na 10 na littafinsa na tsarin halitta a 1758, shi ne ƙa'ida tabbatacciya, cewa kowace dabba sunanta kalma biyu ne, ta farko jinsi, ta biyu nau'i. Empis ma yana cikin jinsunan da ya raɗa a wannan bugu. Malamin da ya ce ya sami sabon nau'i, da'awa ya yi, kuma hujjar da ake nema gare shi ita ce fasali: ya nuna siffar da ta raba wannan da duk waɗanda aka riga aka sani a jinsinsa, siffa tabbatacciya wadda ba ta sauyawa da shekaru ko abinci ko yanayi.

A ƙaddara wata ɗaliba ce daga Wadata, wadda take ƙetare gadar Kenedi kowace safiya zuwa Jami'ar Abdu Mumuni a Haro Banda, ta ɗaura niyyar wannan aiki. Kayan farawa ba su da tsada. Ƴan kwanonin roba ruwan ɗorawa, irin waɗanda ake jibgewa a kasuwar unguwarsu, in aka zuba musu ruwa da ɗigon sabulu aka jera su ƙarƙashin ganyen garka, launin yakan jawo ƙananan ƙudaje su faɗa su nutse. In da hali sai a ƙara da tarkon da René Malaise ya ƙirƙiro lokacin tafiyarsa Bama a 1934, wani ɗan tanti na raga mai tudu a gefe guda, wanda ƙwaro in ya bugi bangonsa yakan hau sama neman haske har ya faɗa kwalbar alkol. Abin da ya fi tarko muhimmanci ƴar takarda ce da za a jefa cikin kwalbar, an rubuta mata wuri da kwanan wata da sunan mai kamu da yadda aka kama, da fensir, domin tawadar biro narkewa take cikin alkol. Ƙudan da ba shi da wannan takarda, kome kyansa, ba ya shaida a gaban masana.

Daga nan sai mabuɗi, wato jerin tambayoyi biyu biyu, kowace amsa tana miƙa mutum ga tambaya ta gaba. Shin jijiya ta uku ta tsawon fiffike ta rabu biyu kusa da ƙarshe, ko ta tafi guda? In ta rabu, ga baki dogo, ana kusa da Empis. In ba ta rabu ba, ana kusa da Rhamphomyia. Shin akwai rufaffen ɗaki a tsakiyar fiffike, ko babu? In babu, ana cikin masu gudu. Wannan mataki ya yi sauƙi tun 2017, sa'ad da juzu'i biyu na farko na babban littafin ƙudajen Afirka suka fito a Firitoriya ƙarƙashin Ashley Kirk-Spriggs da Bradley Sinclair, aka kuma sa su a intanet kyauta. Amma iyakar wannan mabuɗi jinsi. Daga jinsi zuwa nau'i, nan ne aiki yake, kuma nan ne mai gaggawa yake faɗuwa, domin launi maƙaryaci ne: ƙudan da ya fito daga kwansonsa yanzu fari-fari yake kafin ya yi duhu, wanda ya daɗe a alkol yakan koɗe, mace da namiji kuma sukan bambanta har a ɗauke su nau'i biyu.

Hujjar da masana suka fi dogara da ita tana ƙarshen cikin namiji, wato al'aurarsa. Akan yanke wannan gaɓa, wadda ba ta kai ƙwayar gero ba, da tsinin allura, a jiƙa ta cikin ruwan kanwar Bature ko wani ruwa mai tsami har naman ya narke ya bar ƙashin waje garau, a ɗora ta cikin ɗigon gilisarin, a juya ta dama da hagu da sama da ƙasa ana zanawa. A Hybotidae wannan gaɓa a murɗe take zuwa dama, ɓangarorinta biyu kuma ba daidai suke ba, kowane nau'i da irin ƙugiyoyinsa da ƙayoyinsa da gashinsa. Sai ɗalibar ta ɗora zanenta kusa da zanen da ke cikin maƙalar da ta siffanta nau'in da take zaton shi ne, ta bi su gaɓa gaɓa. In sun dace, to ta sami shi ne a wata ƙasa, wannan ma labari ne da ya cancanci bugawa. In sun saɓa, bai halatta ta yi shela ba tukuna, sai ta bi duk nau'o'in jinsin da aka taɓa siffantawa daga Afirka da Larabawa da gaɓar Bahar Rum, har da tsofaffin bayanai na layi biyar da Latinanci ko Jamusanci waɗanda ba su da zane. Tun 2003, sa'ad da Paul Hebert na Kanada ya kawo shawarar a riƙa karanta wani guntun ƙwayar gado mai haruffa 658 a matsayin alamar kowane nau'i, an sami mataimaki mai ƙarfi, wanda yake iya haɗa mace da mijinta. Amma wannan alama tana faɗin cewa biyu sun bambanta ne kawai. Ba ta faɗin wanne ne cikinsu mai tsohon suna.

Wannan kuwa sai samfurin hujja. Dokar raɗa sunayen dabbobi ta duniya, wadda bugunta na 4 ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2000, ta wajabta cewa duk mai raɗa suna ya ayyana samfurin da sunan yake rataye a kansa, galibi ƙuda guda mai jar takarda, ya faɗi inda aka ajiye shi, domin duk wanda ya yi shakka har bayan shekara ɗari ya je ya duba da idonsa. Ta kuma hukunta cewa in sunaye biyu suka faɗa kan nau'i guda, na farko shi ne suna, na biyu ya zama lakabin da aka jingine. A nan ne mutumin Nijar zai ji abu ya tsaya masa a rai. Angus Buchanan ya tashi daga Kano a 1920 ya bi ta Damagaram har Abzin, tsuntsaye da malam-buɗe-littafin da ya tara suka tafi gidan ajiyar Lord Rothschild a Tring ta Ingila. A 1947 Lucien Chopard da André Villiers suka yi rangadin Abzin, aka buga sakamakonsu a 1950 cikin littattafan cibiyar IFAN ta Dakar, Eugène Séguy na gidan ajiyar halittu na Faris shi ne ya duba ƙudajen. Ba za a ƙi gode musu ba, gama sun tara, sun rubuta, sun adana. Sai dai sakamakon shi ne, ɗalibar Wadata in tana son ganin shaidun ƙasarta sai ta nemi biza, ko ta roƙi a aiko mata hoto. Ƙudajen da aka siffanta a duniya sun kai wajen 160,000, na Afirka kudu da Sahara kuwa kimanin 20,000 ne, kuma Sahel yana cikin yankunan da aka fi ƙarancin bincikawa.

Mai karatu zai iya cewa, ƙasar da fara da tsutsar gero da zazzaɓin cizon sauro suka dama, ina ita ina ƙirga gashin ƙudan da ba ya cizo? Tambaya ce ta gaskiya, amsarta kuma tana kogin Sirba, wanda yake zubowa cikin Isa a arewa maso yammacin Yamai. Baƙin ƙudan kogi, wanda Theobald ya raɗa wa Simulium damnosum a 1903, wanda kuma Blacklock ya tabbatar a Saliyo a 1926 cewa shi ke yaɗa tsutsar makantar kogi, shekara da shekaru ana ɗaukarsa nau'i guda ne. A 1975 Charles Vajime, ɗan Nijeriya wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, tare da malaminsa Dunbar, suka buga binciken da suka yi a kan zaren gado da ke cikin gurbin yawun tsutsar wannan ƙuda, inda jerin ratsin zaren ya nuna nau'o'i 8 ne suke sanye da riga guda. Ɗaya cikinsu suka raɗa masa Simulium sirbanum, da sunan Sirba. Wannan rarrabewa ta zo daidai lokacin da shirin yaƙi da makantar kogi, wanda aka kafa a 1974 da hedkwata a Wagadugu, Nijar tana cikin ƙasashe 7 na farko, ya fara feshin koguna da jiragen sama. Da ita aka gane cewa nau'o'in fili, su sirbanum, su ne ke tafe da cutar mai makantarwa ƙwarai, su ne kuma iska ke kwasowa daga ɗaruruwan kilomita su sake cika kogunan da aka riga aka share. Da ita aka san wane nau'i ne ya fara jure magani a Kodebuwa a 1980, aka sauya masa wani. An rufe shirin a 2002, ranar 30 ga Janairu 2025 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijar ta kawar da yaɗuwar cutar, ita ce ta farko a Afirka. Idon da ya koyi raba ƙudan rawa da ɗan'uwansa shi ne idon da ake nema ranar da irin wannan bukata ta taso, kuma ba a horar da shi cikin wata guda.

Har rawar kanta takan zama fasali. Abdoulaye Diabaté na Bobo Julaso da abokan aikinsa sun nuna a 2009, a wani ƙauyen Mali, cewa saurayen zazzaɓi biyu waɗanda ido ba ya raba su ba su rawa wuri guda: ɗaya bisa fili fetal, ɗaya bisa inda duhu da haske suka haɗu, kamar bakin rijiya ko juji. A 2013 aka ba na biyun sunansa na kansa, Anopheles coluzzii. Saboda haka ɗalibar da ke kamu a dandazo, ta rubuta bisa me ake rawar, da tsawonta daga ƙasa, da lokacinta.

Masana ƙwari ba su yi ƙaranci a Yamai ba. Cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974, tana Haro Banda tana horar da ma'aikatan kare amfanin gona na ƙasashen Sahel, INRAN tana nan tun 1975, ICRISAT tana Sadore, CERMES tana bin sauro. Sai dai kowacce, bisa ga wajibinta, idonta yana kan mai ɓarna. Abin da ya rage shi ne ɗaki guda wanda aikinsa ajiyar kowane irin ƙwaro, mai ɓarna da marar ɓarna, da mutum guda wanda albashinsa na tsaron ɗakin ne. Tsaron kuwa ba wasa ba ne a garin da zafin Afrilu ke wuce digiri 40: alkol yakan tsere ta murfin kwalba sai an riƙa ƙarawa, ƙurar hunturu takan shiga akwatin da bai rufu ruf ba, gara tana bin katako, wani ɗan buzuzu mai cin busasshen nama kuma yakan mayar da aikin shekara goma gari in ba a riƙa sa akwatuna cikin firiza lokaci lokaci ba. Dokar raɗa suna ta yi wasiyya a ajiye samfurin hujja a cibiyar da za ta iya kiyaye shi ta kuma buɗe ƙofa ga masu bincike, ba ta ce lalle sai Turai ba. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda Nijar take ciki, ta ba ƙasa ikon gindaya sharaɗi kan abin da ake fitarwa daga halittunta. In ɗakin ya samu, tsarin da wasu ƙasashe suka riga suka bi shi ne mai jar takarda ya zauna gida, sauran samfuran da aka kama tare da shi a raba su, kaɗan Faris, kaɗan Burusel, kaɗan Zariya, domin in gobara ko gara ta ci na wuri guda a sami na wani wurin.